Azumin da Muka Yi Ta Yabo

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni uwa ce daga Shinkafi. Ɗiyata kullum sai ta ce azumin nafila take yi, mu kuma muna ta sa mata albarka. Hijabi ya ɓoye mana ramarta, sai ran da nake mata kitso ta sume a kan cinyata. Likita ya ce ciwon ƙin cin abinci ne, har zuciyarta ta raunana. Yanzu duk mako ana auna nauyinta da bugun zuciyarta. Jiya ta ce, "Inna, tuwon nan tsoro yake ba ni." Iyaye 'yan'uwana, me zan ce mata? Ni dai hannunta nake marmarin gani cikin akushinmu.