Fulawa a Gindin Jan Fenti

A wata rumfar abinci a Kubwa, mai rumfar tana ba fulawa ruwa a gindin bangon da aka shafa wa jan fentin rusau. Wani ma'aikaci da ke cin shinkafa ya ɗago kai.

"Madam, sannu da ƙoƙari. Katafila kike yi wa kwalliya?"

"E mana, Oga. Ta zo ta tarar da wuri tsaf."

"Ni da nake ke, ko barci ba zan iya ba."

"Fentin nan ya girmi 'yata ta fari. Da rusau nake jira, da ko aure ban yi ba."

"Ai mutum sai da tunanin gobe. Ina da fili a Yangoji, amma ko bishiya ban dasa ba, kada a ƙwace in yi asara."

"Madalla! Inuwar tana da sanyi ko?"

"Haka matata take min gatse kullum. Mangwaro take so in dasa mata." Ya ajiye cokali. "Bara ta rasu."

Madam ta dire bokitin.

"Allah ya jiƙanta. Ci abincinka tun da zafi, Oga. In ka gama, akwai mai sayar da dashe a bakin titi."