Bulo Ɗari Uku da Ban San Inda Suke Ba

Shugaban wannan taro, dattawan unguwa, iyayenmu mata, 'yan'uwana magina, da dukkan jama'ar da suka cika wannan rumfa, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama, ko da yake ba abin da kuka gayyace ni in faɗa zan faɗa ba. An ce in zo in yabi sabon aikinmu na bulon ƙasa mai zaren roba. Zan yabe shi, amma tsoro ne ya kawo ni.

Na farko, aikin nan gaskiya ne. Muna tsince tsofaffin buhunan roba, mu warware zarensu, mu yanka shi tsawon ɗan yatsa, mu zuba cikin kwaɓin ƙasa mu tattake. Ciyawar da muka saba zubawa tana ruɓewa, gara tana cinye ta, amma zaren nan yana riƙe bulo ko ya tsage. Don haka ne muka rage kaurin bango, muka dogara ga zare.

Na biyu shi ne laifina. Wata rana a rani zare ya ƙare mini, ga kwaɓi ya riga ya jiƙa. Na ƙi asarar ƙasa, na buga bulo ɗari huɗu babu zare, da niyyar in yi garken awaki da su. Na jera su kusa da masu zare, na manta ban yi musu alama ba. Mai kura ya zo ya kwashe duka. A ido, jama'a, ba su da bambanci.

Shekaranjiya, bayan ruwan farko, bangon ɗakin yayata ya rufta da rana tsaka, daidai kan tabarmar da take zama. Fitowarta ke nan don ta kwashe shanya. Da na iso, ba ta yi mini faɗa ba, sai ta miƙo mini ɓarin bulo ta ce, "Ƙanena, ina zaren da ka ce zai riƙe ni?" Na murƙushe shi a hannuna, ƙasa ce zalla. Na ƙirga, marasa zare ɗari ne a wannan bango.

Saura ɗari uku. Suna cikin gidaje biyar da na gina a layin rijiya, kuma wallahi ban san bangon da suke ba. Ban sani ba, ya ku iyayena, ban sani ba.

Na uku, roƙo ne. Ku buɗe mini ƙofofinku daga yau. Zan kankare yaɓe, in sa ƙusa in tona bulo ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya zai fito da farin zare kamar furfurar shugabanmu, a yi mini afuwa. Wanda bai fito da shi ba, da hannuna zan rushe, da hannuna zan mayar. Ku zage ni daga baya, na cancanta. Amma ku dubi gabas, hadari yana haɗuwa. Kafin in iso gidanka, ka janye gadon yaranka daga jikin bango, ka kai shi tsakar ɗaki. Na riga na janye na mahaifiyata, domin gidanta ne na biyar.

Allah ya tsare mana rayukanmu, ya jinkirta mana ruwa har mu gama, ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.