Ni Na Tare Baba a Ƙofar Lambu

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sani, mai gadi a wani lambun shaƙatawa na gwamnati a wajejen Jabi.

Akwai wani dattijo, tsohon direba, mai fama da shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce ya riƙa tattaki, don haka kullum da safe matarsa kan riƙo shi su zagaya lambun. Da aka sa kuɗin shiga, ni aka ɗora a kan tikiti. Na ce masa, "Baba, yanzu sai an biya."

Ya ce, "Ɗana, kullum? Fanshon nawa ko magani ba ya isa."

Na roƙi oganmu na lambun ya ɗauke masa kuɗin, ya ce doka ba ta ware kowa ba. Yanzu a gefen titi suke tattakin, motoci na wucewa dab da su. Duk da haka, kowace safiya sai Baba ya ɗago hannunsa mai lafiyar ya gaishe ni. Wallahi na kasa haɗa ido da shi.

Jama'a, in na bar shi ya shiga, aikina ya tafi, ga iyali. Don Allah ku ba ni shawara.