Rigar Bututu

A bencin shagon aski, wani mai gyaran bututun ƙazanta yana jiran layi, yana ɓamɓarar busasshen gam daga farcensa, sai wani mai tumbi ya zauna kusa da shi yana huci.

"Malam, ka ji iko? Wai kada kowa a layin nan ya zubar da ruwa sai yamma. Ni da nake sana'ar wanki!"

"Mahaɗar bututu ce ta tsage a ƙasa," in ji mai gyaran. "An zura mata riga jiƙe da gam, an hura mata iska, ta manne ta ciki. In ruwa ya taɓa ta kafin ta bushe, aiki ya lalace."

"Bututu har da riga! Ni dai na tuntsurar da bahona, ban ga duniya ta tashi ba."

Mai gyaran ya dubi farcensa. Tun safe yake cikin ramin bututun yana sa rigar nan, abin da hancinsa ya shaƙa har ya raba shi da abincin rana.

"Wanne ne shagonka?"

"Mai shuɗiyar ƙofa."

"Madalla. Mahaɗar tana ƙarƙashin dokin ƙofarka. In rigar ta ƙi kamawa, nan za a haƙa, ko kyanwa ba za ta shiga shagonka ba." Ya miƙe, ya haƙura da askin. "Bari in koma in zare ta, in sa sabuwa. Ba za a fasa titin nan ina numfashi ba."

Mai wanki ya riga shi kai ƙofa.

"Yi sauri, ɗan'uwa! Duk wanda ya zubar da ko kofi ɗaya na ruwa a layin nan, da ni zai yi."