Takalmi Ƙafa Ɗaya

A layin shiga silima a birnin Barranquilla na ƙasar Kolombiya, ranar da za a fara nuna fim ɗin tarihin mawaƙan nan biyu, Yeimi da Dalgis, wata mata ta zunguri budurwar da ke gabanta.

"Ke 'yar nan, ya na ga takalmanki iri ɗaya? Dubi kowa, kowace ƙafa da kalarta!"

"Na sani, Anti. Mawaƙan tun suna waƙa a cikin bas suke musayar takalmi ƙafa ɗaya. An ce har takalman na asali za a nuna!"

"Wayyo daɗi! Yau sai muryata ta dishe. To ina ƙawar taki da za ku yi musayar?"

"Ta koma Madrid. Ko waya ba ta ɗauka yanzu. Tsaya ma, Anti, ai naki duk biyun na hagu ne!"

"Rufa min asiri! A gwanjo na tsinto su ɗazu. Tawa ƙawar bara muka binne ta. Lamba nawa kike sawa?"

"Talatin da takwas."

"To tuɓo min na daman ki karɓi ɗaya cikin nawa, an buɗe ƙofa!"