Na Zaɓi Zanen Yatsa, Baba Yana Son Kotu

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Kofur Issahaku, ɗan sanda daga Sakasaka, Tamale.

Yanzu da Turawa ke miƙa mana aiki, sufetonmu ya ce in zaɓi kwas ɗaya a Ankara, babban birnin ƙasarmu: ko in koyi doka in riƙa gabatar da ƙara a kotu, ko in koyi binciken zanen yatsa. Baba ya ce, "Ɗauki kotu, Issahaku, can girma yake. Wa ya san mai shafa hoda a jikin ƙofa?"

To ga abin da idona ya gani. Bara an fasa shagon wani tela a unguwar Gurugu, aka ɗauke keken ɗinkinsa. Mutum uku suka rantse Fuseini mai wanki ne. Ni da hannuna na sa masa ankwa, matarsa na bin mu tana kuka. Sai wani jami'i ya zo daga Ankara, ya barbaɗa hoda a gilashin taga, ya gwada yatsun kowa. Ashe ƙanen telan ne, a ɗakinsa ma aka samu keken. Ranar da na saki Fuseini bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Kofur, ai na gaya maka."

Malam, na sa hannu a kwas ɗin zanen yatsa, kuma ba na da-na-sani. Amma ba na son in hau mota ran Litinin ba tare da albarkar Baba ba. Dattawa masu sauraro, ku ba ni shawara. Baba, na san rediyonka na kunne, ɗanka yana gaishe ka.