Ashe Ni Ba Daƙiƙiya Ba Ce

Mai gabatarwa, barka da aiki. Maman Rahila ce daga garin Dabai.

Likita ya ce 'yata tana da larurar da ke rikita mata haruffa, ba lalaci ba ne. Sati biyu na kasa gaya mata, sai ranar da muke ɓarar gyaɗa na daure. Ta ce, "Mama, ashe ni ba daƙiƙiya ba ce?"

Ran Lahadi a coci, malamin yara ya miƙa mata Littafi. Ta ce, "Malam, karatu yana ba ni wuya, karanta mini sau ɗaya." Ya karanta, ta maimaita ayar da ka, ba gargada. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba!

Iyaye, ku gaya musu gaskiya. Ina gaida Rahila, tana saurare.